Jimiri da Ɗorewa: Jawabi a Hanukope

 A ranar biki irin ta yau kowa yana cewa, "Aikin nan ya daɗe." Gaskiya ne. Amma daɗewa kaɗai ba abin yabo ba ce, gama ko kututture ya kan daɗe a bakin hanya. Bari mu duba kalmomin da harshenmu ya ba mu, domin ba ɗaya su ke ba.

Haƙuri mun san shi tun muna goye. Shi ne mutum ya haɗiye abin da ya dame shi, ya yi shiru. Dauriya ta ɗan lokaci ce, irin ta yaro a hannun wanzami: ya cije, a gama, ya tashi. Naci kuwa na mai bin bashi ne, da safe yana ƙofa, da maraice yana ƙofa. Ƙarko na kaya ne. Tukunya da takalmi a ke yi wa wannan shaida, ba mutum ba. Dawwama ba tamu ba ce, ta Allah ce kaɗai. Saura biyu, watau jimiri da ɗorewa, a kansu kuma za mu tsaya.

Mai jimiri yana ɗauke da kaya, amma yana tafiya. Nan ya rabu da mai haƙuri, wanda ya kan iya yin nasa a zaune. Kakanninmu fatake sun san wannan da ƙafafunsu. Daga Kano da Sakkwato su kan bi ayari watanni zuwa Salaga neman goro. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, ba su koma gida ba, suka gangara Kete-Karachi, waɗansu har bakin teku, nan Lome, wadda Jamus suka mai da ita babban birnin Togo a 1897.

Ku lura da sunan da suka ba mazauninsu: zango. Zango fa wurin kwana ne, a sauke kaya da dare, a ɗaure da asuba. Ga shi kuwa zangon Lome ya ga tafiyar Jamus a 1914, ya ga Ingilishi, ya ga Faransa, ya ga ranar 'yancin kai a 1960. A 1977 hukuma ta rushe tsohon zango, maƙwabcin wannan unguwa, ta kai mutanensa can arewa da gari, wajen Agowe. Dattawa a cikinmu sun ga abin da idonsu. Ganuwa ta faɗi, soro ya faɗi, ashe ginin ba shi da ƙarko. Amma cinikin shanu da goro bai mutu ba, maigida bai daina saukar baƙo ba, Hausa kuma ba ta bar bakin yara ba. Yawancinsu Musulmi ne, danginmu ne kuwa, kada mu ji kunyar koyo daga gare su.

To, wannan shi ne ɗorewa. Kalmar 'yar'uwar ɗori ce. In igiyar guga ta kāsa kai ruwa, sai a ɗora mata wata. In ƙashi ya karye, maɗori ya haɗa shi. Abu mai ɗorewa ba wanda bai taɓa tsinkewa ba ne. Wanda aka sami mai ɗora shi ne.

Haka aikin bishara ya yi a ƙasar nan. Mutanen Mishan ta Bremen suka soma a Peki a 1847, zazzaɓi ya yi ta kwashe su, Lorenz Wolf wanda ya buɗe wurin ma ya rasu a 1851. Waɗansu suka zo suka ɗora. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka kori Turawan mishan, mutane suka ce igiya ta tsinke ke nan. Sai fastocin Ewe suka kama, a 1922 suka taru suka sa Fasto Andreas Aku ya shugabance su.

Mun sani akwai a cikinku wanda dangi suka daina ci da shi a akushi ɗaya, akwai wadda aka hana ta gaisuwar uwa. Ba mu raina wannan ba. Amma muna tsoron kada haƙurinku ya zama na zaune, ku rufe ƙofa, ku tsufa da abin da kuka sani. Mu kaɗan ne masu karatu da Hausa a birnin nan, yaranmu kuma da Faransanci da Mina su ke tashi. Saboda haka bayan addu'a, duk wanda ya iya karatun Hausa ya tsaya a baya, za mu haɗa kowane ɗaya da yaro guda wanda zai riƙa koya masa ran Lahadi da yamma.