A Ina Za A Binne Mu? Jawabi A Taron Zumunta Na Sabo



Maganar yau ba mai daɗin ji ba ce, amma babu wanda bai taɓa sa hannu a aljihu a kanta ba. Duk ranar da ɗayanmu ya rasu a nan Ibadan, tun hawaye ba su bushe ba sai a fito da littafin karo-karo: kuɗin ajiyar gawa a asibiti, kuɗin akwati, hayar mota zuwa Zariya ko Malumfashi. Gawa ta yi mako biyu cikin ƙanƙara ana jiran kuɗi su cika. A kai mamaci gida, a dawo, matarsa ta tarar mai gidan haya yana bakin ƙofa, yara kuma an koro su daga makaranta.

To, ba mu ce son kabari a gida zunubi ba ne. Yakubu ya rantsar da Yusufu kada ya binne shi a Masar. Amma jama'a, mu buɗe Farawa sura 23 mu ga asalin wurin da ya nace a kai shi. Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127. Ibrahim baƙo ne a can, kamar yadda muke a nan. Bai koma da ita Haran wurin danginsa ba. Shekel 400 na azurfa ya auna, ya sayi kogon Makfela a hannun Hittiyawa. Kun ga ke nan, kabarin baƙunci ne ya koma na gida.

Waɗanda suka fara aikin SIM ma haka. Su uku suka sauka Legas a 1893. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, kuma inda suka faɗi nan aka binne su.

Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa 15, ya kamanta jikinmu da iri da ake shukawa. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne. Wa ya taɓa zuwa gona neman ƙwayar da ya binne? Tsiro ake jira. Ranar tashin matattu, jar ƙasar Yarabawa ba za ta gagari Allah ba.

Maƙwabtanmu Musulmi na nan Sabo, mutum ya cika da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. A wannan kam akwai abin dubawa.

Ga roƙonmu. Kowane magidanci ya zauna da matarsa tun da ransa, ya faɗi inda yake so, ya kuma sanar da dangi na gida, don kada gobe a ce ita ta hana. Wanda ya ce lalle sai Arewa, ya fara ajiyar kuɗin motarsa yanzu. Karo-karon ƙungiya kuwa, muna so taron nan ya amince a riƙa damƙa shi a hannun matar da marayunta.