LACCA GA JAMA'AR BEBEJI: WA YA KAMATA A CAJE A FILIN JIRGI?



Maganarmu yau ta tsaron jirgin sama ce. Kada wani ya ce zancen manya ne, gama alhazanmu da fatakenmu su ne ke bin layi a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Hanyar tsaro iri biyu ce. Ta farko a caje kowa daidai wa daida. Ta biyu a auna haɗari, watau a bi labarin da ya tabbata, a kai yawan ma'aikata da na'ura inda ɓarna ta fi yiwuwa. Ko Sarkin Kasuwar Kwanar Ɗangora ba ya kwance buhun kowa, wanda aka kawo masa labarinsa yake sa wa ido.

To, ku dubi abin da ya faru. Ran 25 ga Disamba 2009 Umar Faruk Abdulmutallab ya nemi ta da bam a jirgin da ya tashi daga Amsterdam zuwa Detroit, Allah ya tsare. Tun watan Nuwamba mahaifinsa ya kai kukansa ofishin jakadancin Amurka a Abuja, amma ba a hana yaron hawa ba. Sai ga shi a Janairu 2010 Amurka ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 14 da za a tsananta wa mutanensu bincike. Laifin mutum ɗaya ya hau kan al'umma! A watan Afrilu ta janye wannan tsari, ta koma bin labarin sirri.

Sa'an nan akwai ɓarawon cikin gida. A 2018 aka tsare wata ɗaliba a Saudiyya saboda jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano, ba da saninta ba. Sai a Afrilu 2019 aka sake ta.

Saboda haka abu uku muke nema. A auna mutum da abin da ya aikata, ba da ƙasarsa ko rigarsa ba. A riƙa binciken masu taɓa kaya a filin jirgi kamar yadda ake binciken fasinja. Kuma mai rawani ya bi ƙofar da talaka ke bi.

Ku kuwa matafiya, kada ku karɓi saƙon da ba ku buɗe ba. Ku ƙidaya jakunkunanku, ku adana takardar awonsu har ku sauka.

Allah shi kai mu lafiya, shi komo da mu lafiya, amin.