Gwajin Sabon Iri Kafin a Rubuta Shi a Takarda

Abin da wannan lacca za ta duba shi ne nauyin da ke kan mai alƙalami idan ya tashi yabon sabon iri ko sabon maganin ƙwari. Manomi sau ɗaya yake shuka a shekara. Idan takarda ta ruɗe shi a watan Yuni, ba shi da wurin ɗaukaka ƙara a watan Oktoba, gama rumbu ya riga ya yanke hukunci.

Tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru, kusa da Zariya, kuma a 1962 tashar ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Shekaru da dama shawarar da ake bugawa game da auduga ita ce a shuka ta da wuri, wajen tsakiyar Yuni, ita kaɗai a gona, a kuma yi mata feshi. A gonar gwaji wannan shawara ba ta da aibi, domin amfanin yakan ƙaru ƙwarai. Amma manoma suka ci gaba da shuka tasu a watan Yuli, har wasu ma'aikata suka riƙa ɗora laifin a kan taurin kai.

Sai da David Norman da abokan aikinsa suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a 1966 da 1967, suna rubuta aikin kowace rana, sa'an nan dalilin ya fito fili. Yuni da Yuli su ne lokacin noman fari na gero da dawa, hannu kuwa bai isa ba. Magidanci ba zai bar abincin iyalinsa cikin ciyawa ya tafi auduga ba. Har wa yau binciken ya nuna cewa haɗa amfani biyu ko uku a gona ɗaya, abin da a da ake kallo a matsayin rashin wayewa, ya fi biyan wahalar manomi, ya kuma fi tsare shi a shekarar da ruwa ya yi gardama. Watau an auna audugar sosai, ƙarfin gidan da zai noma ta ne ba a auna ba.

Gyaɗa ta koyar da wani abu dabam. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta halaka gonaki kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. Irin da ya yi kyau shekara biyu a jere bai tabbatar da kome ba tukuna, tun da cuta ba kowace damina take zuwa ba. Akwai irin da ke jure mata, kamar RMP 12 wanda aka samo daga ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, amma yakan haura wata huɗu kafin ya nuna. Ya dace da wuraren da damina ke da tsawo. Wanda ya yabe shi ga manomin Daura ba tare da faɗin wannan ba, ya cuce shi, ko da kowace kalma a takardarsa gaskiya ce.

Haka wake. Sababbin irin da suka fara fitowa suna nuna da wuri, amma sai da feshi sau da yawa, harawarsu kuma kaɗan ce. Mai tumaki da ya saba da kanannado ya san kuɗin harawa a watan Afrilu, ko da yake takardun farko ba su cika lissafa ta ba.

Dokar soja mai lamba 33 ta 1987 ta kafa kwamitin ƙasa wanda sai ya amince ake yi wa sabon iri rajista a sake shi, bayan gwaji a tasha, da wurare dabam-dabam, da gonakin manoma kansu. Sai dai doka ba ta zama a kan teburin ma'aikacin da ɗan kasuwa ya kawo wa kwalba da takardar talla yana neman yabo. Wannan ma'aikaci ya kamata ya tambaya: a ina aka gwada, damina nawa, kusa da wane irin gida aka shuka shi don kwatanci, taki nawa ya ci? In hatsi ne, a kai wa mata su surfa, su tuƙa, a ga ko tuwon zai kwana bai saki ba, a kuma zuba saura a rumbu a buɗe bayan wata shida.