Tallafin Karatu da Nauyin da Ke Wuyan 'Ya'yanmu

 

An ce in yi magana a kan tallafin karatu, wato sikolashif. Idan yaro ya samu, guɗa muke yi, mu raba goro. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san sharaɗin da ke maƙale da shi, shi kuwa sharaɗin shi ne ke hana yaran barci.

A yawancin jami'o'inmu, wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, maki 5 ke nan. Daga 60 zuwa 69 B ne, maki 4, daga 50 zuwa 59 kuma C, maki 3. Ana tara waɗannan tun daga zangon farko a fitar da matsakaicinsu, shi ne CGPA ɗin da kuke ji yara suna faɗa. Hukumar tallafin karatu ta Gwamnatin Tarayya tana neman ɗalibin jami'a ya kai 4.0 cikin 5.0, wasu kamfanoni kuma 3.5. A tallafi da dama, idan maki ya sauka ƙasa da sharaɗi, ba a sabuntawa.

Mu da muka saba da littafin adashe, lissafin nan ba zai ba mu wuya ba. A ce yarinya ta yi zango biyu tana da 4.2. A zango na uku zazzaɓi ya kwantar da ita lokacin jarrabawa, ta samu 3.0. Idan kwasa-kwasan kowane zango nauyinsu ɗaya, ta sauko 3.8. Kafin ta koma 4.0, sai ta ci 4.6 a zango na huɗu, wato kusan A a komai. Kun gani? Rashin lafiyar mako biyu ya zama bashin da za ta yi wata da watanni tana biya.

To, wannan yarinyar ce muke kira a waya, kafin mu ce "kin ci abinci?" sai mu ce "yaya sakamako?" Wata uwar ma ta ƙara da, "Kin san fa da kuɗin nan muka dogara." Yarinyar da ma ta sani. Shi ya sa za ku ga yaro ya kwana a aji yana karatu da fitilar waya, ya rame, ya daina kiran gida. Wani ya ɓoye kariyoba shekara guda saboda tsoron fushinmu. Wani tsoro ya kai shi satar amsa, hukuncinta kuwa yakan kai ga kora, a rasa tallafin, a rasa karatun.

Ba na cewa a bar yara su yi sakaci. Ƙoƙari wajibi ne. Amma ga roƙona gare ku. Idan takardar tallafi ta zo, a zauna da yaro a karanta sharaɗin tare. A gaya masa tun farko cewa in maki ya sauka, mu ne na farko da za su ji, kuma ba za a kore shi daga gida ba. In ya yi rashin lafiya lokacin jarrabawa, ya je asibitin makaranta ya karɓi shaida, ya sanar da malamin da ke kula da ajinsu a kan lokaci. Mu kuma sani akwai wata ƙofar: tun 2024 asusun NELFUND yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati bashin karatu marar ruwa, sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya.

Mu kuma a ƙungiyance, Shugaba, ina ba da shawara a ware wani abu daga ribar bana domin ɗan mamba da tallafinsa ya yanke, a riƙe masa kuɗin rajista na shekara guda har ya farfaɗo. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Idan an kawo maganar a taron wata mai zuwa, ina roƙon ku ɗaga hannu.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ƙara wa ƙungiyarmu ɗaukaka.