Kada A Yanke Maganin Ciwon Damuwa Lokaci Guda

 

Maganata a yau kan mutumin da likita ya ɗora a kan maganin ciwon damuwa, ya sha na wasu watanni, ya samu sauƙi, sannan rana ɗaya ya daina. Bayan kwana biyu zuwa huɗu sai jiri ya kama shi, in ya miƙe kamar ƙasa na juyawa. Zuciya na tashi, jiki na ciwo kamar mura za ta kama shi, gumi na keto masa. Barci ya ƙaurace, in ma ya samu sai munanan mafarkai. Abu kaɗan ya fusata shi ko ya sa shi kuka. Wasu kuma su ce suna jin wani abu kamar lantarki yana fizgarsu a cikin ka, musamman in sun juya ido.

Ku duba yadda ake karɓar wannan a gidajenmu. Wani ya ce zazzaɓi ne, a sayo maganin maleriya. Wani ya ce taifot. In aka ji zancen fizga a ka da mafarkai, sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko jifa aka yi masa. Shi kuwa mai ciwon, abin da ya fi tsoro shi ne ciwonsa ne ya dawo, ko kuma ya zama ɗan ƙwaya. Sau da yawa duk ba haka ba ne. Jiki ne ya saba da magani, aka janye masa ba shiri.

Yawancin magungunan nan suna aiki ne a kan wani sinadari da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, ana kiransa sirotonin. In mutum ya daɗe yana sha, ƙwaƙwalwa takan daidaita kanta da zaman maganin a jini. In aka yanke, maganin ya fice cikin kwanaki, ita kuwa tana buƙatar makonni ko fiye kafin ta koma yadda take. A wannan tsakanin ne ake shan wahalar. Shi ya sa magungunan suka bambanta. Paroxetine, cikin kusan kwana ɗaya rabinsa ya bar jini. Venlafaxine ya fi shi saurin fita, har wanda ya tsallake shan rana guda kan ji a jikinsa. Fluoxetine kuwa yakan daɗe makonni yana raguwa da kansa, don haka matsalarsa ta fi sauƙi. Amitriptyline, wanda ya fi yawa a hannun mutanenmu saboda araha, shi ma in aka yanke shi yakan kawo tashin zuciya, ciwon kai da rashin barci.

Su kansu likitocin Turai sun daɗe suna raina lamarin. Shekara da shekaru ana gaya wa marasa lafiya cewa alamun ba su da tsanani, kuma mako ɗaya ko biyu za su wuce. Sai a 2019 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila da hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a can suka gyara maganarsu, suka yarda cewa ga wasu mutane abin kan yi tsanani ya kuma ɗauki watanni. A 2024 mujallar Lancet Psychiatry ta buga nazarin da ya tattara bincike masu yawa: kimanin mutum 1 cikin 6 ko 7 ne ke samun alamun da yanke maganin ya haifar, kuma kusan 1 cikin 35 nasa kan yi tsanani. Wasu masana na ganin adadin ya fi haka. Ko da ƙaramin aka ɗauka, mutane ne masu yawa.

Ina so in tsaya a kan zancen ƙwaya, domin shi ya fi cutar da mu. Mun ga ɓarnar da tiramol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Saboda wannan tabon, duk ƙwayar da ta fito daga asibitin ƙwaƙwalwa ana kallonta da ido ɗaya. Amma maganin ciwon damuwa ba ya bugarwa, mai shansa ba ya ƙawarsa, ba ya ƙara yawansa don neman jin daɗi. Uwa ko miji da ya ɓoye maganin, ko ya ce "ai kin warke, ki bar shan wannan abu," da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya jefa mai ciwon cikin wahala.

Kuma gaskiyar magana, da yawa a nan ba da son ransu suke dainawa ba. Kuɗi ne ya ƙare, magani ya yi tsada, an je kemis babu. Wanda ke zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware, ko Maiduguri daga ƙauye mai nisa, kuɗin mota kaɗai kan hana shi komawa ranar da aka sa masa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Akwai mai dainawa don azumi ya zo, alhali maganin da ake sha sau ɗaya a rana ana iya mayar da shi lokacin sahur ko bayan buɗa baki da shawarar likita. Akwai matar da ta ga ta samu juna biyu ta watsar a ranar; ita ma abin da ya dace ta fara zuwa asibiti.

To yaya ake dainawa? Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi. Daga nan a riƙa ragewa da kaɗan-kaɗan, makonni ko watanni, gwargwadon daɗewar mutum a kai. Wanda ya hau giginya ba ya dirowa, saukowa yake yi. Matakan ƙarshe su ne mafi wuya, domin ɗan ƙaramin awo ma yana da tasiri babba a ƙwaƙwalwa, don haka a nan ake ƙara sassautawa. In alamu suka taso, a koma awon baya, a jira, a sake gwadawa a hankali.

Ana iya bambanta wannan da dawowar ciwo. Alamun yankewa kan zo cikin kwanaki, da jiri da fizgar da mutum bai taɓa ji ba a ciwonsa na farko, kuma sukan lafa da sauri in aka koma kan maganin. Ciwon damuwa kuwa a hankali yake dawowa, cikin makonni. Amma duk wanda ya fara tunanin halaka kansa, ko mene ne sanadi, a kai shi asibiti a ranar.

Roƙona ga 'yan'uwa likitoci, nas-nas da masu ba da magani: ranar da kuka fara miƙa wa mutum maganin nan, ku gaya masa da Hausa, a gaban wanda ya rako shi, cewa ba a yanke shi lokaci guda, kuma ya dawo tun da sauran na mako ɗaya a hannunsa. Ku kuma iyaye da mazaje, in kuɗin magani ya gagara, ku faɗa wa likita, ya san yadda zai rage ko ya sauya da mai sauƙin kuɗi.