Ƙurar Hamada, Dabinon Kawar da Haƙƙin Mai Itace

 

An ce in yi magana a kan kurmin ƙasashen da ruwa ba ya yankewa, da haƙƙin mutanen da ke zaune cikinsa. Na san akwai mai cewa a ransa: ina ruwan Dirku da kurmi, a yankin da ruwan sama na shekara ba ya kai milimita 20? To, akwai ruwanmu. A arewacin Cadi akwai kwarin Bodele, tsohon gindin tafki da ya ƙafe, kuma yana cikin manyan wuraren da ƙura ke tashi a duniya. A 2015 masana a hukumar NASA ta Amurka suka ƙiyasta cewa wajen tan miliyan 27 na ƙurar Sahara ke ƙetare teku kowace shekara ta sauka a kurmin Amazon, ɗauke da kusan tan 22,000 na fosforas, takin da ruwan sama ke wankewa daga ƙasar can. Ƙurar da ke sa mu rufe hanci da rawani, da ita wancan kurmi ke ƙoshi.

Amma ba don ƙura aka tara ku ba. Abin da nake so mu ɗauka daga can shi ne yadda itace ke tsira. A Barazil, masu tatsar roba ne suka riƙa tsayawa gaban masu sare daji don kiwon shanu, har aka harbe jagoransu Chico Mendes a garin Xapuri a Disamban 1988. Bayan mutuwarsa gwamnati ta keɓe dazuzzukan da mazaunansu ke ci daga ciki ba tare da an kore su ba. A Kenya kuwa da sunan kare daji aka nemi fitar da mutanen Ogiek daga kurmin Mau, sai kotun Afirka da ke Arusha ta yanke hukunci a 2017 cewa an tauye musu haƙƙi, domin ba a nuna su ne suka lalata dajin ba.

Ba sai mun je nesa ba ma. Tun dokar daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, manomi a ƙasar nan ya saba da cewa itace na gwamnati ne. Gawon da ya tsiro a gonarka, in ka sare reshensa ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Me manomi zai yi? Sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, ya huta. Da aka fara abin da mutanen Maradi ke kira sassaben zamani a 1983, aka bar kututture ya tofo, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a datse sauran, sannan hukuma ta sassauta har manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai gonaki suka sake yin inuwa. Ana lissafin hekta kusan miliyan 5 a jihohin Maradi da Damagaram, kuma ba dashe ne ya kawo yawancinsu ba.

Ku a Kawar kun riga kowa sanin wannan. Dabinon da ya jeru a gindin dutse daga Sigidin zuwa Aney, Dirku da Bilma kurmi ne da hannun mutum ya kafa, Barebari da Tubawa, kaka da kakanni. Saiwarsa na shan ruwan da ke kusa a ƙarƙashin rairayi. Kowace bishiya da mai ita, ana gadonta, ana raba ta tsakanin magada, kuma wanda ke kiwo can nesa ya san lokacin da zai dawo ya yanki nasa. Da dabinon da gishirin Bilma da kanwa aka riƙa musayar geron da ayarin Abzinawa ke ƙetaro Tenere da shi. Ba a taɓa ajiye soja ya tsare dabinon nan ba, mai shi ne ke tsaronsa.

A 2005 aka sa dausayin Kawar cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya na yarjejeniyar Ramsar. Abin alfahari ne, amma takarda ba ta hana tudun rairayi tafiya, kuma ana iya sake ta. Gandun Termit da Tin-Tumma, mafakar barewar adaks, an kafa shi a 2012. A 2019 aka sake shata iyakarsa, aka fitar da yanki mai yawa inda ake haƙar man Agadem. Ban ce kada ƙasa ta haƙi manta ba. Tambayata ita ce, ranar da ake ja da gogewar irin wannan layi a Yamai, makiyayin da rijiyarsa ke ciki yana zaune a wurin?

Dirku ta ga cikowa a shekarun nan: matafiya masu nufin Libiya, sannan masu neman zinariyar Jado tun 2014. Baƙo rahama ne, amma kowane baƙo yana buƙatar ruwa da itacen girki, kuma ruwan da injin ke zuƙowa daga rijiya shi ne dai wanda saiwar dabino ke nema. In ya ja baya, bishiyar ba za ta yi ƙara ba, sai dai a ga ƴaƴanta sun ragu, ganyen ya soma bushewa daga ƙasa.

Saboda haka ga shawarata. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Cofo. Ku kai musu dabinonku da ramukan kanwarku a rubuta tun dattawan da suka san iyaka suna raye, kuma kada a manta da kason mata, domin shi ne ke fara ɓacewa in babu shaida. Duk mai son haƙa babbar rijiya ko buɗe wani aiki kusa da dabino, a zaunar da shi gaban masu bishiyoyin kafin injinsa ya iso, a tambaye shi zurfin da zai haƙa da yawan ruwan da zai ja a rana, a rubuta amsarsa.