Gyaran Fatar Ido: Awo Kafin Wuƙa



A duk jikin ɗan Adam babu fatar da ta kai ta ido siranta, kaurinta bai cika milimita ɗaya ba. Aikinta na farko ta rufe ido ta shafe shi da hawaye. Ƙawa a baya take biyowa. Likitan da ya juya wannan tsari zai sallami mutum da ido mai ban sha'awa da rana, amma ba ya rufuwa in dare ya yi.

Yawancinmu likitoci mun fi sabawa da yanka fatar ido don ceto gani, idan ciwon tirakoma ya juya gashin ido yana gogar ƙwaya. Tiyatar ƙawa wata aba ce daban, domin mai zuwa lafiyarsa ƙalau, kuskure kaɗan ne zai mai da shi majinyaci.

Mu fara da fatar ido ta sama. Mutum zai ce fatar idonsa ta yi nauyi, alhali abu uku ne ke iya jawo haka: fata ta yi yawa, ko gira ta sauko, ko tsokar da ke ɗaga fatar ta saki. Ka ɗaga girar da babban yatsa ka duba. In nauyin ya tafi, laifin gira ne, yanke fata sai dai ya ƙara jawo ta ƙasa. Ana zana layin yanka mutum yana zaune, kafin allurar kashe zafi ta kumbura wurin. Layin ƙasa ya bi ninkin fatar, wanda a Turawa yakan faɗo milimita 8 zuwa 10 daga gashin ido, a mutanen gabashin Asiya kuwa ƙasa da haka. Kada a ɗora wa fuska awon da ba nata ba. Sai a tsunkuli rarar fata da hantsaki har gashin ido ya fara motsi, nan ne iyaka. A bar aƙalla milimita 20 tsakanin gira da gashin ido. Tela in ya rage yadi da yawa yana da ƙyalle a ƙarƙashin keke. Mu sai mun ciro fata daga bayan kunne, kuma ba ta taɓa sajewa sarai.

Kitsen fatar sama gida biyu ne. Abin da ke can gefen waje mai kama da kitse, sau da yawa ƙullin da ke samar da hawaye ne ya zamo. A mai da shi mazauninsa a ɗinke, kada a yanke.

Fatar ƙasa ta fi wuyar sha'ani. Kitsenta gida uku ne, kamar yadda likita Castañares ya fayyace a 1951, kuma tsakanin na ciki da na tsakiya akwai tsokar da ke juya ƙwayar ido; wanda ya ji mata rauni ya bar mutum yana ganin abu bibbiyu. Kafin komai, ka ja fatar ƙasa ka saki. In ba ta koma ba sai da ƙiftawa, ta saki, dole a ɗaure kusurwar waje a jikin ƙashi, in ba haka ba za ta kife waje bayan aiki. Hanyar shiga biyu ce: ta ƙarƙashin gashin ido, ko ta cikin fatar, wadda Bourguet na Faransa ya bayyana a 1924. Ni na fi karkata ga ta ciki inda rarar fata ba ta da yawa, musamman ga masu baƙar fata, da tabo kan yi musu duhu. Dā kwashe kitse ake yi, sai ido ya zurma, mutum ya fito kamar wanda ya tashi daga jinya. Yanzu an fi shimfiɗa shi a kan ƙashi ya cike kwarin da ke ƙarƙashin ido.

A tambayi mutum bushewar ido, da ciwon maƙoƙo mai turo ido waje, da hawan jini, da asfirin ko wani maganin tsinka jini. Abin tsoro shi ne jini ya taru a bayan ƙwaya. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana makantarwa. Duk wanda ya dawo da zafi mai tsanani, ido ya turo, gani na dushewa, a warware ɗinki a tsaga kusurwar waje nan take, ba a jiran hoto.